Rumbun Gamanata da Kasuwar Laraba

Ku da kuka tashi kuka tarar da kasuwar Laraba cike da mutane, har manyan motoci na kwana a bakinta, kuna tsammani haka aka halicce ta tare da tudun da take kai. Na kuma sha jin ku kuna maimaita abin da ake faɗa a garin nan cikin raha, wai kakanku Maigari mai sayen tarkace ne, ya zubar da hatsin gidansa a kan tabarmi da tukwane. Ya saya, ban musa ba, ni ce ma nake share ɗakin da aka jibge su. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya muku dalili, waɗanda suka sani kuwa duk sun riga ni. Shi ya sa na zaunar da jikata mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

An kawo ni amarya gidan kakanku a Kafin Aduwa daga wani ƙauye kusa da Ollelewa, 'yan shekaru bayan ƙurar yaƙin Abzin ta lafa, Nasara yana zaune a Tanut. Garin a lokacin bai kai unguwa ɗaya ta yanzu ba. Bukkoki ne da dangar kara, sai tsohon kafin ƙaya da aka yi don mahara, wanda awaki suka riga suka huda ta ko'ina. Gero kam muna da shi, ai ƙasar Damargu ce. Abin da ba mu da shi shi ne dalilin da zai sa baƙo ya tsaya. Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da son sanin abu. Ban cika wata a gidan ba surukata, wadda muke kira Iya, ta raɗa mini suna Me-ya-sa, domin ko tsintsiya aka ce kada in jingina a wani wuri sai na nemi dalili. Sai ga shi an haɗa ni da mijin da ya fi kowa ƙarancin magana a ƙasar nan. Yakan zagaya gari da hannu a baya, ya tsaya ya daɗe yana kallon fili, ya dawo bai ce komai ba. Abin yana cina ƙwarai, don na san akwai abin da yake gani a filin nan wanda ni ban gani ba.

Bai daɗe da gadon sarautar ba lokacin da na zo, amma ya riga ya taɓa abubuwa biyu. Shekarar farko ya kira gayya aka yashe tabkin gabas, har ruwansa ya riƙa kai mu tsakiyar rani maimakon ya ƙafe da sanyi. Ta biyu ya sa aka fitar da manyan rumbuna bayan gari saboda gobara, aka yi ta gunaguni, wasu na cewa so yake ya nuna wa Nasara yawan hatsinmu. Ƙananan rumbunan mata kawai aka bari cikin gidaje. Da Kumandan, baturen Tanut, ya aiko a ba da mutane don sharar hanyar mota, ya ba da su, tunda ba a musu da wannan, amma ya yi ta bin gardin da ke tsaye kan aikin, dogarin Kumandan, da fura da kaji har hanyar ta ɗan karkato ta gefen aduwoyinmu. Dattawa suna so a gyara kafi, a kuma gina masallacin ƙasa. Shi ya ce maharan sun tafi, masallacin kara kuma bai hana salla ba, a bari tukuna. Abin da ke ransa kasuwa ce. Lanho, harajin Nasara, da kuɗinsa ake biya, ba da dami ba, don haka dole mutum ya ɗora gero a jaki har Tanut. Wanda ya isa can a gajiye kuwa yadda aka taya masa haka zai sallama, domin ba zai iya komowa da kaya ba. Ga kuma ayarin Abzinawa yana wucewa ta gabas da mu kowace kaka, da gishiri da dabino, gero suke nema, ba sa ko waiwayenmu.

Da aka gama girbi aka zaɓi Laraba, don ba ta ci karo da kasuwannin da ke kewaye da mu ba. Malamai suka yi addu'a, aka yanka bajimi, aka kafa rumfunan kara ƙarƙashin aduwoyi, aka samo mahauci daga wani gari aka ba shi gida, makaɗi ya zagaya ƙauyuka da rugage yana shela. Ni a zatona aikin ya ƙare ke nan. Da la'asar ɗin ranar farko sai na ga ana shigo da kaya gidanmu, tabarmi da igiyoyi da kanwa da wata tsohuwar akuya mai tari, ana kuma fita da damman gero. Na tambayi Iya me za mu yi da igiya har haka, mu da jaki biyu. Ta ce al'ada ce tun ta kakanni. Baƙon da ya kawo kaya sabuwar kasuwa ba a barinsa ya koma da su. Abin da mutane suka bari, wanda ya kafa kasuwar shi ke kwashewa, har ranar da za ta tsaya da ƙafarta. Na ce har yaushe ke nan?

“Wata kaka ɗaya ta ishe ta,” in ji Iya. “Wata kuma sai mai ita ya gaji. Ɗauki tsintsiya, Me-ya-sa, ki share wancan ɗakin.”

Kakar nan ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Matar aure mai ƙuruciya ba ta shiga kasuwa, to amma ni kasuwar ce take zuwa ta same ni har ɗaki. Ayari ya fara tsayawa, ina jin kukan raƙuma daga madafa. Duk Laraba da yamma sai in zauna gaban ragowar ina juyawa, ina sansanawa, ina tambayar Mamman ƙanin Maigari, wanda abokin wasana ne, daga ina wannan ya fito, wa ya yi shi, da me. A nan na fara ganin kantun gishirin Bilma, na lasa na ji ya bambanta da namu. A nan na fara cin cuku, na yi ta mamakin yadda nono zai zama abin da ake karyawa da haƙori. Mamman yakan shirga mini ƙarya in ya gaji, ya ce sirdin raƙumin nan na sarkin aljanu ne. Wata Laraba wani mutumin arewa ya zo da 'yar jimina. Da can gashinta dukiya ne, fatake na kai shi Tarabulus, amma a lokacin ba mai nema. Ba wanda ya taya, don haka da la'asar sai ga ta a tsakar gidanmu tana leƙa tukwane. Ta haɗiye zoben azurfata ina wanke-wanke, na yi kwana da kwanaki ina bin ta a baya da tsinke ina tona kashinta. Zoben bai dame ni ba kamar son in ga ko zai fito yadda ya shiga. Bai fito ba.

A lokacin ina da goyo, ɗan fari, wanda kuke kira Baffan Ollelewa. Ku 'yan yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari a gaban kowa kuna kiran sunansu, mu ba haka muka tashi ba. Ba na faɗin sunansa, har yau ma ba zan faɗa ba. Ba na yi masa wasa in da mutum a wurin, nono ma sai in juya baya in ba shi kamar an tilasta ni. Iya ce mai ɗaukarsa, ita ce mai yi masa rawa a cinya. Ubansa kuwa in ya shigo ya tarar da shi yana rarrafe sai ya ɗauke kai ya bi ta gefe. Wannan ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma kowa ya san haka. Sai in ɗaki ya zama daga ni sai shi nake ƙirga yatsunsa ina duba haƙoran da ke fitowa.

Da rani ya tsaya sai al'amari ya juya. Ayari ya koma gida, tabki ya ƙafe, samarin gari suka tafi cin rani. Masu saye suka ragu, masu sayarwa kuwa sai ƙaruwa suke, domin labari ya bazu har wajen Belbeji cewa akwai wata kasuwa da ba a komawa da kaya daga cikinta. Duk wanda ke da abin da ya rasa mai so sai ya ɗoro shi a jaki ya nufo mu. Rumbunan gandu suka fara sauka. Na taɓa tambayar Maigari me zai hana a kwashi gishirin nan da tabarmin a kai Tanut a musanya da gero. Ya ce masu kayan za su gane abinsu a can, su san cewa kasuwar Kafin Aduwa mutum ɗaya ne ke cinta, daga ranar kuma ta zama abin dariya. Dattawa suka zo zaure suka ce ya bar ta ta huta har kaka. Ya ce in aka rufe ta rani ɗaya, ba wanda zai sake yarda da kiranmu. Mamman, wanda da shi aka noma hatsin nan, ya daina yi mini wasa. Wata safiya ya kwaɓa laka ya je bayan gari ya liƙe bakin rumbun iri, ya dawo da hannu duk taɓo ya tsaya gaban wansa.

“Yaya, na bi ka a kan tabki, na bi ka a kan rumbuna,” ya ce. “Amma iri, sai dai in ba raina.”

Maigari bai taɓa rumbun nan ba. Abin da ya rage na ci a gandu aka ci gaba da rabawa biyu, rabi tukunya rabi kasuwa, har bazara ta shigo aka share ƙasan na ƙarshe.

Saura rumbu ɗaya a gidan, nawa. Ƙarami ne, yana bayan ɗakina, geron gamanata ne, 'yar gonata ta kaina, da na noma da hannuna a ranakun da ba na gandu ba. A al'adarmu miji ba shi da iko da hatsin gamanar matarsa, ko leƙa rumbun ba ya yi. Shi mace take dogara da shi in damina ta yi nisa tuwon gandu ya yi ƙaranci, musamman mai shayarwa. Wata Laraba da zafi kamar a gasa mutum, wani maginin tukwane ya zo daga kudu mai nisa da jakuna shaƙe da randuna da tuluna. Bai sayar da abin kirki ba, wa zai sayi randa ba ruwan zubawa? Da la'asar Maigari ya shigo gida, abin da ba ya yi a wannan lokaci. Ya zagaya tsakar gida da hannu a baya, ya tsaya nesa kaɗan da rumbuna yana kallon danga. Bai roƙe ni ba, ba zai iya ba. Ina tankaɗe, na ajiye rariya na tambaye shi me zai faru in mutumin nan ya koma da tukwanensa. Ya ce duk rijiyar da ya tsaya shayar da jakunansa zai faɗa. Na ce in an saya fa? Ya ce nan ma zai faɗa.

“To ka tabbata za ta ci?” na ce.

“Ban tabbata ba, Mariama.”

Wannan ne karo na farko da ya buɗe mini abin da ke ransa ba kwana-kwana, kuma da ya ce ya tabbata, ina jin da ban tashi ba. Na ɗauko tsani na jingina. Iya tana bakin ɗakinta da yaron a cinya, ta ce, ba da ƙarfi ba, in tuna ina da goyo. Na ji ta sarai. Mutane daga baya sun ce biyayya ce ta sa ni, wasu suka ce tsoro. Ba ko ɗaya. Na ga tabkin da ya yasa ya riƙe ruwa, na ga gobara ta tashi a unguwar yamma ba ta sami hatsin kowa ba, kuma raina ya kasa haƙura da a tsaya a tsakiya ban ga ƙarshen wannan ba. Na hau na buɗe, na riƙa miƙo dammai yana karɓa, kansa a sunkuye.

Rumbun bai daɗe ba, Laraba kaɗan suka cinye shi. Daga nan muka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, ga ruwan ma sai an je rijiya mai nisa. Muka ci dusa, muka ci ƙarangiya. Aka yanka akuya mai tari, daga baya aka yanka jimina. Na tsaya a kan mai fiɗar har ya buɗe ƙundunta, ga tsakuwa, ga wuri, ga zobena ya side ya zama kamar zare. Iya ta hana a nemi ko zangarniya ɗaya a maƙwabta. Ta ce gidan Maigari ne, don haka kullum da hantsi sai an hura wuta hayaƙi ya tashi, in kuma zuba dusa a turmi in yi ta daka don a ji daga waje. Muna zaune tsakanin gishiri da tabarmi da randuna har rufin ɗaki, ba abin kaiwa baki. Abin da na fi lura da shi jikina ne. Nonona ya fara ja da baya, yaron ya kama ya saki, ya kama ya saki, sa'an nan ya dube ni. Da farko yana kuka, daga baya ya rage, wannan ragewar ita ta fi tsorata ni. Wuyansa ya yi siriri, ya daina kama danga yana miƙewa.

Ruwan farko ya sauka, Mamman ya fasa lakar rumbun iri aka yi shuka, tabki ya kawo. Makiyaya suka fara gangarowa za su arewa da dabbobinsu, Fulani da Buzaye, suka sauka a bakin tabkin namu domin shi ya fi riƙe ruwa a wannan yanki. Laraba ta biyu ko ta uku bayan shuka, ina daka dusata da hantsi sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Ba muryar mutum ɗaya ba ce, ba kuma kiɗa ba, wani gunji ne mai kauri yana tasowa daga wajen aduwoyi kamar zuma a kogon itace. Na tsayar da taɓarya na tambayi Iya mene ne wannan. Ta karkata kai ta saurara, ta daɗe, sa'an nan ta ce tsofaffi na cewa in aka ji haka to har waɗanda ba a gani sun zo cin kasuwa. Mamman ya shigo da gudu neman igiya, yana haki yana ba da labari. Makiyaya na neman gishiri da kanwa da tukwane, dillalai sun zo daga Damagaram neman dabbobi, mahauci ya yanka na biyu, wasu mata daga kudu sun kawo gero da kansu.

Cikin waɗanda suka zo ranar har da yayata Hajo da mijinta, sun kawo daddawa daga garinmu. Ta shigo gaishe da Iya, ta karɓi yaron, ta ɗaga shi sama ta sauke, ta dube ni, ta dubi turmin. Hajo ba ta da yawan tambaya irina, ido ɗaya ya ishe ta. Ta zauna ta yi hira kamar ba komai, can ta ce wa Iya wai Inna, mahaifiyarmu, ta aiko ta, lokacin yaye ya yi, a ba ta yaron ta kai mata. Ƙarya take, Inna ba ta aiko ta ba, kuma da sauran watanni kafin yayensa. Amma ɗan fari a gidan kakarsa ta wajen uwa ake yaye shi, kuma sau da yawa can yake zama, duk mun san wannan. A gidan Inna akwai saniya mai tatsa. A gidanmu kuwa, ko kasuwa ta ci yau, geron sai kaka. Iya ta share ido da gefen zane, ta ce Allah ya raya. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ba daidai ba ne a tambaye ni. Uwa ba ta cewa a bar mata ɗan fari. Na shiga ɗaki na ɗauko majanyinsa da 'yar rigarsa na ajiye a bakin ƙofa, na koma ga turmi. Ina jin Hajo tana goya shi, ina jin takunta har zaure, ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da daka dusar da ta riga ta zama gari. Bai sake zama a gidan nan ba, can ya girma, Hajo yake kira Inna bayan tamu Innar ta rasu.

Rana ta yi sanyi Maigari ya shigo, ba kowa a bayansa ɗauke da kaya. Ya tsaya tsakar gida, fuskarsa kamar ta wanda ya tashi daga ciwo. Ya ce wa Iya yau ba abin da ya rage, ko igiya ɗaya. Iya ta ce alhamdu lillahi, ta shige ɗakinta ta saki asabari. Ya rage daga ni sai shi. Ya dubi inda yaron ya saba zama a gindin randa, ya ɗauke kai, ya yi gyaran murya.

“Mutanen Ollelewa sun tashi tun la'asar,” ya ce. “Na ga wata mata a cikinsu da goyo. Wani Buzu ya ba yaron dabino, yana tsotsa.”

Na ce to.

“Bai yi kuka ba,” ya ce.

Ya tsaya yana jira, don ya san halina, ya san ba a taɓa kawo mini labari na bar shi haka ba. Ina so in san ko an rufe masa kai daga rana, ko ya waiwayo da suka wuce ƙofar gida. Na ɗauki tulu na ce ruwa ya ƙare, bari in je tabki kafin magariba.